Baƙon da Yake Barin Kuɗinsa a Agadas

Mutane da yawa suna ɗaukar yawon buɗe ido shagala ce ta masu hannu da shuni, alhali kuwa wanda ya dubi al'amarin da idon basira zai tarar ciniki ne mai ban al'ajabi. Domin kuwa duk hajar da ƙasa take sayarwa waje, gyaɗa ce ko auduga ko ma'adini, sai an ɗora ta a mota ko jirgi an kai wa mai saye, amma a wannan ciniki mai sayen ne yake tasowa takanas daga ƙasarsa, ya zo ya kalli dutse da rairayi da ginin ƙasa, ya biya, sa'an nan ya koma gida ya bar kayan inda ya same su.

Babu inda wannan magana ta fi bayyana kamar birnin Agadas na Nijar, mai hasumiyar masallaci ta laka wadda tsawonta ya kai mita 27, wanda hukumar UNESCO ta sanya tsakiyarsa cikin kayan tarihin duniya a 2013. A zamanin da hanya take da aminci, da zarar sanyin hunturu ya shigo sai jirage su riƙa sauka da Turawa daga Faransa, masu nufin duwatsun Azbin da hamadar Tenere, har tseren motocin nan na Faris zuwa Dakar ya sha ratsawa ta garin. Kuɗin da baƙo ɗaya ya shigo da su kuwa ba sa tsayawa a hannu ɗaya. Mai masauki ya samu, direba da ɗan jagora su samu, mai raƙumi ya samu, haka maƙerin azurfa da yake zaune bisa tabarma yana goge sarƙar nan da Turawa suke kira gicciyen Agadas, yana faɗin farashi baƙo yana ragewa, ga shayi yana tafasa a kan gawayi. Daga hannun maƙerin nan kuɗin za su wuce wurin mahauci da baduku da mai tallan fura, waɗanda galibinsu ko kalma ɗaya ba su taɓa yi da Baturen ba.

Sai dai wannan arziki yana da sharaɗi guda mai tsanani, wato aminci, domin baƙo matsoraci ne, kuma ba a ga laifinsa ba. Da tawaye ya sake ɓarkewa a arewacin Nijar a 2007, aka kuma sace ma'aikata baƙi a Arlit a 2010, sai ƙafa ta ɗauke ɗif. Direbobin da suka san hamada kamar tafin hannunsu, da suka rasa wanda za su kai kallon rairayi, da yawansu suka koma jigilar masu neman tsallakawa Libiya, har gwamnati ta haramta sana'ar da doka a 2015, kafin a soke dokar a 2023.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da aka ɗora wa amanar wuraren yawon buɗe ido irin su Yankari da Argungu da Agadas ɗin kanta, kafin su kashe dukiyar jama'a wajen talla da ƙawata masauki, su fara tabbatar wa matafiyi cewa zai isa lafiya, ya kuma koma wa iyalinsa lafiya.