Ƙarin Albashi a Gidajen Cin Abinci na Amurka: Daga Aljihun Wa Kuɗin Ke Fitowa?

A ranar 1 ga watan Afrilun shekarar 2024 ne wata doka ta fara aiki a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wadda ta wajabta wa manyan kamfanonin sayar da abincin nan take, irin su McDonald's da Burger King da KFC, biyan kowane ma'aikaci aƙalla dala 20 a sa'a guda. Dokar, wadda gwamna Gavin Newsom ya rattaba wa hannu a watan Satumban 2023, ta shafi kamfanonin da ke da rassa 60 ko fiye a faɗin ƙasar, ta kuma taɓa rayuwar ma'aikata kimanin dubu 500. A lokacin, mafi ƙarancin albashi a jihar dala 16 ne, wato dai an yi ƙarin kashi 25 cikin ɗari a dare ɗaya.

Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi marhabin da dokar, yayin da masu gidajen abinci suka yi kashedin cewa za ta durƙusar da harkar. Wannan ja-in-ja ta daɗe a Amurka, kuma tambayar da ke tsakiyarta guda ce: shin gidan cin abinci zai iya biyan kuku da mai wanke-wanke albashi mai tsoka, ya kuma ci gaba da cin riba?

Ga ma'aikata dai, batun na tukunyar gida ne. Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayyar Amurka dala 7 da senti 25 ne a sa'a, kuma rabon da a ƙara shi tun watan Yulin 2009. Wanda ya yi aikin sa'o'i 40 kowane mako, tsawon shekara ba hutu, abin da zai tashi da shi bai wuce dala dubu 15 da 'yan kai ba, kuɗin da ba za su biya hayar gida ba a manyan biranen ƙasar. Wani rahoto da ofishin bin diddigin ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2020 ya nuna cewa, a jihohin da aka bincika, McDonald's na cikin kamfanonin da suka fi yawan ma'aikatan da ke karɓar tallafin abinci da na magani daga gwamnati. Ma'ana, masu dafa wa jama'a abinci sai an tallafa musu kafin su ciyar da iyalinsu. Irin wannan hali ne ya sa ma'aikatan gidajen abinci na birnin New York suka fita yajin aiki a watan Nuwamban 2012 suna neman dala 15 a sa'a, fafutukar da daga bisani ta bazu zuwa jihohi da dama.

To amma kukan masu gidajen abinci shi ma yana da tushe, domin kuwa sana'a ce mai yawan ciniki da ƙarancin riba. Ƙungiyar masu gidajen abinci ta Amurka ta sha bayyana cewa, daga cikin kowace dala 100 da aka yi ciniki, kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiya wajen sayen kayan abinci, wani kashi ɗaya cikin uku wajen biyan ma'aikata, sauran kuma a biya haya da lantarki da gas da inshora da gyare-gyare. Abin da ke saura wa mai gida yawanci dala 3 ne zuwa 5, kafin ma a cire haraji.

Lissafin ba shi da wuya. Idan albashi na cin dala 30 cikin kowace dala 100, aka kuma ƙara shi da kashi 20 cikin ɗari, to dala 6 ke nan suka hau kan ɗawainiyar mai gida. Wanda ribarsa dala 5 ce ya faɗi warwas, muddin bai sauya komai ba. Sai dai kuma wannan lissafin ya nuna wani abu da akan manta: ba sai an ƙara farashin abinci da kashi 20 ba kafin a cike giɓin, ƙarin kashi 6 ya wadatar. Abincin dala 10 zai koma dala 10 da senti 60. Saura da me? Saura a ga ko masu saye za su jure, ko kuwa za su ƙaurace.

Amsar farko mai ƙarfi ta fito ne daga jihar New Jersey. A watan Afrilun 1992 jihar ta ɗaga mafi ƙarancin albashinta daga dala 4 da senti 25 zuwa dala 5 da senti 5, alhali maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ƙara ko sisi ba. Wasu masana tattalin arziki biyu na jami'ar Princeton, David Card da Alan Krueger, suka bi gidajen abinci 410 a ɓangarorin biyu na iyakar, kafin ƙarin da kuma bayansa. Sakamakon da suka wallafa a 1994 ya girgiza masana, domin ba su tarar da alamar cewa ayyuka sun ragu a New Jersey ba. Abin da suka gani shi ne farashin abinci ya ɗan tashi da kimanin kashi 4 cikin ɗari. Wasu masanan biyu, David Neumark da William Wascher, sun ƙalubalance su da takardun biyan albashi, suna masu cewa ayyuka sun ragu, kuma har yau ba a daina wannan muhawara ba. Duk da haka, binciken na daga cikin dalilan da suka sa aka bai wa Card lambar yabo ta Nobel a 2021, shekaru biyu bayan rasuwar Krueger.

Shekaru talatin bayan haka, Kalifoniya ta sake raba kan masana. Tun kafin dokar ta fara aiki, wasu 'yan kasuwa da ke gudanar da rassan Pizza Hut suka ba da sanarwar sallamar direbobi masu kai abinci gida fiye da 1,200, aka bar aikin ga kamfanonin aike. A tsakiyar 2024 kuma kamfanin Rubio's ya rufe gidajensa 48 a jihar, yana mai ɗora laifin kan tsadar gudanar da kasuwanci. A ɗaya hannun, wani bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ƙarƙashin jagorancin Michael Reich, ya ce albashi ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari, farashi ya tashi da ƙasa da kashi 4, ayyuka kuma ba su ragu ba. Sai ga wasu masana uku, Jeffrey Clemens da Olivia Edwards da Jonathan Meer, a 2025, sun ƙiyasta cewa jihar ta yi asarar guraben aiki kimanin dubu 18 a wannan fanni, wato kusan kashi 3 cikin ɗari, idan aka kwatanta da sauran sassan ƙasar.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma da idon basira zai ga cewa saɓanin bai kai yadda ake ruruta shi ba. Ko a bisa ƙiyasi mafi muni, guraben aiki 97 cikin kowane 100 suna nan, kuma masu riƙe da su na karɓar albashin da ya fi na da. Ko a bisa ƙiyasi mafi daɗi, masu saye sun biya ƙari. Harkar ba ta durƙushe ba, amma kuma kuɗin ba daga sama suka faɗo ba.

Aljihu na farko na mai saye ne, kamar yadda aka gani a jihohin biyu. Abin da ke sauƙaƙa wannan shi ne doka kan hau kowa lokaci guda. Da mai gida ɗaya ne ya ƙara albashi da farashi shi kaɗai, da masu saye sun tsallaka titi zuwa wurin abokin gasarsa. Idan kuwa duk gidajen unguwa sun ƙara tare, babu inda za a gudu sai ɗakin girkin gida.

Aljihu na biyu na ma'aikacin ne da kansa, ta hanyar rage masa sa'o'i. Bayan birnin Seattle ya kai mafi ƙarancin albashinsa dala 13 a 2016, masu bincike na jami'ar Washington sun ruwaito cewa sa'o'in aikin masu ƙaramin albashi sun ragu da kimanin kashi 9 cikin ɗari. Da suka sake bin sawun ma'aikatan, sai suka tarar cewa waɗanda suka ƙware a aiki sun amfana, sababbin shiga ne ƙofa ta ƙuntata musu. Kazalika, na'urorin da mai saye ke latsawa ya zaɓi abinci ya biya da kansa sun yawaita, ko da yake sun fara yaɗuwa tun kafin waɗannan dokoki.

Akwai kuma kuɗin da ƙarin albashi ke ceto wa mai gida. A gidajen abincin nan take, ba abin mamaki ba ne a ga an sauya ma'aikata baki ɗaya cikin shekara guda, saboda yawan masu ajiye aiki. Kowane sabon ma'aikaci sai an nemo shi, an koya masa, an kuma haƙura da kurakuransa da ɓarnar kayan abinci. Kamfanin In-N-Out Burger, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1948, ya yi suna wajen biyan albashin da ya ɗara na takwarorinsa, kuma abincinsa ba ya cikin masu tsada. Dabararsa ita ce taƙaita nau'in abinci zuwa 'yan kaɗan, da sayar da su da yawa cikin sauri. Bugu da ƙari, kamfanin ne ke gudanar da rassansa da kansa, babu wani a sama da yake yanka wa kaso.

Wannan batu na kaso yana da muhimmanci. Kusan kashi 95 cikin ɗari na gidajen McDonald's 'yan kasuwa ne masu zaman kansu ke gudanar da su, bayan sun sayi izinin amfani da sunan kamfanin. Su ne ke biyan albashi, sannan su biya uwar kamfanin la'ada, galibi har da kuɗin hayar wurin. La'adar, wadda aka ɗaga daga kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari ga sababbin rassa tun daga farkon 2024, ana cire ta ne daga jimillar ciniki, ko an ci riba ko ba a ci ba. Saboda haka idan mai reshe ya ƙara farashi don ya biya ma'aikata, kason uwar kamfani ƙaruwa yake yi, shi kuwa yana tsakanin gaba kura baya siyaki.

Su wane ne ke faɗuwa ke nan? Wasu masu bincike, Dara Lee Luca da Michael Luca, sun duba gidajen abinci na yankin San Francisco, suka haɗa bayanan rufewarsu da makin da masu saye ke ba su a shafin Yelp. Sakamakon da suka fitar a 2017 ya nuna cewa ƙarin dala ɗaya a albashi na ƙara yiwuwar rufewar gida mai matsakaicin maki, wato taurari uku da rabi, da kimanin kashi 14 cikin ɗari, amma bai taɓa gida mai taurari biyar ba. Wanda jama'a ke son girkinsa yana iya ƙara farashi ba tare da an guje shi ba. Wanda da ma yana tangal-tangal, ƙarin ne ke ƙarasa shi.

Gidajen da ake zama a kawo wa mutum abinci tebur suna da tasu matsalar, wato tukuici. Dokar tarayya ta amince a biya mai kai abinci dala 2 da senti 13 kacal a sa'a, adadin da bai motsa ba tun 1991, bisa sharaɗin tukuicin masu saye zai cike sauran. Jihohi bakwai, ciki har da Kalifoniya da Nevada da Minnesota, ba su yarda da wannan rangwame ba, kuma gidajen abincinsu na nan suna ciniki. Amma da fitaccen mai gidajen abinci na New York, Danny Meyer, ya soke tukuici a 2015, ya ƙara farashi don ya daidaita albashin kuku da na mai kai abinci, lamarin bai ɗore ba. Ƙwararrun masu kai abinci da dama sun koma inda ake ba da tukuici, kuma a 2020, lokacin annobar korona, ya janye tsarin. Ya yi gaban kansa ne a kasuwar da akasarin sauran ba su bi shi ba.

Ƙananan gidajen abinci na baƙi, irin waɗanda 'yan Afirka ta Yamma ke gudanarwa a unguwannin Bronx da Harlem na New York, inda ake sayar da wake da shinkafa da dafa-duka da tsire, su ne suka fi jin jiki a irin wannan yanayi. Masu sayensu direbobin tasi ne da ma'aikatan jinya da masu gadi, waɗanda ƙarin dala ɗaya ke yi wa nauyi. Ba su da jarin sayen na'urori, ba sa samun rangwamen sari irin na manyan kamfanoni. Abin da suka saba yi shi ne maigida da uwargida da 'ya'ya su ƙara sa'o'i a bakin murhu. Dokar Kalifoniya dai ta tsallake ƙananan gidaje, ko da yake su ma sai sun ɗaga albashi in suna son riƙe kukun da zai iya samun dala 20 a tsallaken titi.

Abin da shekaru talatin na gwaji suka nuna shi ne, gidan cin abinci na iya biyan albashi mai kyau ya kuma ci riba, bisa wasu sharuɗɗa: a yi ƙarin daki-daki, ya hau kan kowa tare, a kuma auna shi da ƙarfin aljihun mutanen wurin, domin dala 20 a Los Angeles daban take da dala 20 a ƙauyen Mississippi. Ita dokar Kalifoniya ta kafa wata majalisa ta wakilan ma'aikata da na masu gidaje, wadda ke da ikon ƙara albashin a kowace shekara da abin da bai wuce kashi 3 da rabi cikin ɗari ba. A gaban wannan majalisa ne ɓangarorin biyu za su ci gaba da baje alƙalumansu, yayin da sauran jihohi ke zuba ido su ga nawa ne mai saye zai iya ɗauka kafin ya koma girki a gida.