Ɗan Bajo a Ƙirjin Mai Ɗaukar Hoto da na Ɗan Sama Jannati

Duk wanda ciwo ya taɓa kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, dab da Gyaɗi-Gyaɗi a ƙaramar hukumar Tarauni, ko ma wani asibitin da ke da ɗakin hoto, ya san yadda abin yake. A tsayar da mutum gaban na'ura, a ce ya ja numfashi ya riƙe, shi kuwa ma'aikacin sai ya koma bayan bango kafin ya danna. Ba wulaƙanci ba ne, 'yan'uwa. Majiyyaci sau ɗaya zai tsaya, ma'aikaci kuwa kullum yana wurin. Shi ya sa ƙa'ida ta ce ya maƙala wani ɗan bajo a rigarsa, mai lissafa yawan hasken nan mai ratsa jiki, wato radiyeshon, da ya same shi.

Aikin bajon abin sha'awa ne. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyin wani sinadari masu adana alamar duk hasken da ya ratsa su. Bayan wata ɗaya zuwa uku sai a kai shi ɗakin gwaji a gasa, ya fitar da ɗan ƙyalli, a auna ƙarfin ƙyallin a rubuta a fayil ɗin mai shi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana irin wannan awo, hukumar NNRA kuma, wadda aka yi dokarta a 1995 ta fara aiki a 2001, ita ke sa ido. Sunan ma'aunin milisibat. Iyakar ma'aikaci ita ce 20 a shekara, idan an raba daidai cikin shekara biyar.

To, irin wannan bajo ne 'yan sama jannati ke sawa, sai dai lissafinsu ya fi ƙarfin na ɗakin hoto. Mu da ke ƙasa muna samun kusan milisibat 2.4 a shekara daga duwatsu, iska, abinci da sararin sama. Hoton ƙirji guda bai wuce 0.1 ba. Amma wanda ya yi wata shida a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai nisan kilomita 400 daga ƙasa, kamar tafiyar Kano zuwa Abuja ke nan, yakan dawo da 80 zuwa 160. Abin da za mu tara cikin shekara talatin da ɗoriya, shi ya kwashe shi kafin damina ta zagayo.

Dalili shi ne iskar da ta lulluɓe duniya da maganaɗisun duniyar suna tare mana yawancin ƙwayoyin da ke fitowa daga rana da taurari masu nisa. Mu nan Kano ma mun fi mutanen ƙasashen ƙanƙara samun wannan garkuwa, domin ta fi ƙarfi kusa da tsakiyar duniya. A sama kuwa ƙwayoyin nan suna keta jirgi su keta mutum. Tun 1969 Buzz Aldrin ya ba da labarin ganin walƙiya a idonsa cikin duhu, ashe su ne ke wucewa. Wani bincike na 2001 ya nuna waɗanda suka fi samun radiyeshon sun fi saurin kamuwa da yanar ido. Babban abin tsoro dai shi ne ciwon daji, wanda kan ɓoye shekaru kafin ya bayyana.

A ɗakin hoto rigar darma tana tare hasken. A sama darma ba ta da kirki, domin ƙwayoyin kan farfashe idan sun doke ta, su zama da yawa. Ruwa da roba sun fi amfani. A 2022 jirgin Artemis I ya zagaya wata da mutum-mutumi biyu, Helga da Zohar, cike da ma'aunai, ɗaya da rigar kariya ɗaya babu, don a ga bambanci. A shekarar ce kuma hukumar NASA ta Amurka ta tsayar da milisibat 600 a matsayin iyakar ɗan sama jannati duk tsawon aikinsa. Ga inda gizo ke saƙa: na'urar Curiosity ta auna kusan 1.8 a kowace rana a hanyarta ta zuwa duniyar Mas tsakanin 2011 da 2012. Zuwa da dawowa kaɗai kusan 660 ne, tun ba a taka ƙasar Mas ba.

Abin da ya shafe mu shi ne lissafin nan tarawa ake yi, ba ya gogewa da wanka. Hoton CT na ciki guda yakan kai milisibat 8 zuwa 10, daidai da hoton ƙirji kusan ɗari, majiyyaci kuma ba ya sa bajo. Muna ganin kuskure ne mutum ya ƙi hoton da likita ya nema don tsoro, gama haɗarin hoto ɗaya ƙarami ne ƙwarai a kan na cutar da ba a gano ba. Amma yawo daga wannan shagon hoto zuwa wancan ana maimaita abu ɗaya saboda takarda ta ɓace, wannan asarar kuɗi ce da lodi a banza. A adana tsofaffin hotuna a tafi da su asibiti, musamman na yara. Mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, ta faɗa wa ma'aikaci tun kafin ta tsaya gaban na'ura.