Yadda za ka gane wanda ya zana tsohuwar kujerar Danmak da wayarka

Kujeru da teburan katako da aka ƙera a Danmak tsakanin shekarun 1940 da 1960 sun yi tsada a kasuwannin intanet. Wannan tsadar ce ta sa jabu suka yi yawa. Kafin ka tura wa kowa kuɗi, wayarka za ta iya taimaka maka.

Da farko ka sani cewa wanda ya zana daban, kamfanin da ya ƙera daban. Hans Wegner ne ya zana kujerar Wishbone a 1949, amma kamfanin Carl Hansen & Søn ne ke ƙera ta tun 1950. Haka kujerar Egg ta Arne Jacobsen ta 1958, Fritz Hansen ne ke yin ta. Idan mai sayarwa ya haɗa sunan mai zane da kamfanin da bai taɓa ƙera ta ba, to akwai lauje cikin naɗi.

Duba ƙarƙashi. Ka kife kujerar ka kunna tocilan waya. Kamfanoni kan bar tambari a ƙasan wurin zama, ko bayan kabad, ko cikin durowa. Wani tambarin ƙona shi ake yi a jikin katako, wani takarda ce ko ɗan ƙarfe. Ka ɗauki hotonsa kusa-kusa. Idan ka ga alamar Danish Furnituremakers' Control, shaida ce ta ingancin aiki daga Danmak, amma ba ta faɗin sunan mai zane.

Yi amfani da Google Lens. Ka jingina kujerar da bango mai launi ɗaya, ka ɗauke ta ta gaba da ta gefe cikin hasken rana. Ka bincika hoton kujerar daban, na tambarin daban. Sai dai Lens kamanni kawai yake nema, don haka jabu da ta asali duk ɗaya yake ganin su. Sunan da ya ba ka mafarin bincike ne.

Kwatanta aikin. Ka shiga shafin kamfanin ka duba tsayi da faɗin kujerar, sannan ka auna da tef. Mazaunin Wishbone saƙa ce ta igiyar takarda mai tsawon kusan mita 120. Idan ka ga igiyar roba, ko kusoshi a fili inda ya kamata katako ya shiga cikin katako, ka yi taka-tsantsan.

Rashin tambari ba ya nufin jabu ce, domin takarda kan ɓare da tsufa. Samun tambari ma ba hujja ba ce ita kaɗai, tunda ana iya liƙa shi. Sai tambari da awo da irin aikin sun yi daidai kafin ka amince. Idan mai sayarwa ya ƙi turo maka hoton ƙarƙashin kujera, ka riƙe kuɗinka.