Ƙwai, Gyaɗa, Zuma da Ruwa: Tace Gaskiya Daga Jita-jita Kan Abincin Jarirai

Macen da ta haihu ba ta rasa malamai. Kaka da nata karatun, uwar miji da nata, maƙwabciyar da ta shigo barka da nata, ga kuma saƙon murya da ke yawo a WhatsApp wanda ba a san bakin da ya fara furta shi ba. Kar a ba yaro ƙwai. Gyaɗa tana fesa wa jariri ƙuraje. A lasa masa zuma cikinsa ya wanke. A ba shi ruwa, ai shi ma mutum ne. Babu mai mugun nufi a cikin masu wannan magana, kuma ba dukkanta ce ƙarya ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne inda muka ajiye tsoronmu. Abincin da jikin yaro ke nema shi muke ɓoyewa, abin da kan iya hallaka shi kuwa da hannunmu muke miƙa masa.

A kan gyaɗa likitocin duniya da kansu sun taɓa yin tuntuɓe. A shekarar 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar cewa yaron da ake fargabar zai yi borin jini kada a ba shi gyaɗa sai ya kai shekara 3. Iyaye suka bi, amma yawan yaran da gyaɗa ke tayar wa da bori bai ragu ba, sai ma ƙaruwa. Ana cikin haka wani likita a Landan, Gideon Lack, ya lura cewa 'ya'yan Yahudawan Ingila sun ninka 'yan'uwansu na Isra'ila kusan sau 10 wajen wannan larura, alhali a Isra'ila tun jariri bai shekara ba ake ba shi wani abin taɓawa na gyaɗa mai narkewa a baki, wanda suke kira Bamba. Shi da abokan aikinsa suka ɗauki jarirai 640 masu wata 4 zuwa 11, waɗanda dama suna cikin haɗari saboda ciwon fata mai tsanani ko borin ƙwai. Aka raba su gida biyu, kashi ɗaya ana ba su gyaɗa a kai a kai, ɗayan an hana su, har suka cika shekara 5. Sakamakon ya fito a 2015. Cikin waɗanda aka hana, kusan 17 cikin 100 sun kamu da borin gyaɗa. Cikin waɗanda aka riƙa ba, kusan 3 cikin 100 ne kawai. Ashe hanin ne ke buɗe wa cutar ƙofa. A 2017 hukumomin lafiya na Amurka suka sauya shawararsu, suka koma cewa a fara da wuri.

Ke nan uwar da ke dama wa ɗanta kunun gyaɗa bayan ya cika wata 6 tana kan hanya, duk wanda ya tsorata ta bai kyauta mata ba. Mu a nan ma mun ga abin da gyaɗa ke yi da idonmu. Abincin nan na cikin leda da ake ba yara masu tamowa, Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, gyaɗa ce ginshiƙinsa tare da madara da sukari da mai. Da shi ƙungiyar likitoci ta MSF ta ceto dubban yara a yankin Maraɗi lokacin yunwar 2005, kuma har yau shi ake rabawa a cibiyoyin tamowa na Katsina da Sakkwato da Borno.

Sai dai akwai gaskiya biyu game da gyaɗa da bai kamata a yi wasa da su ba. Ta farko shaƙewa. Ƙwayar gyaɗa daidai take da faɗin maƙogwaron ƙaramin yaro, in ta kuɓuce ta bi hanyar iska tana iya toshe numfashi ko ta maƙale a huhu. Don haka ba a ba yaron da bai kai shekara 5 ba ƙwayarta, haka aya da kashu. A niƙa ta lilis a dama a kunu. Ta biyu fumfuna. Gyaɗar da aka ajiye da laima, ta yi baƙi-baƙi ko ta yi ɗaci a baki, tana iya ƙunsar gubar da ake kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma tafasa ko suya ba sa kashe ta. Masara ma tana yi. Uwa ta tsince gyaɗarta da kanta ta zubar da ruɓaɓɓu. Wanda bai kamata a fara masa a gida ba shi ne jaririn da fatarsa ke bushewa tana tsagewa da ƙaiƙayi mai tsanani, ko wanda ƙwai ya riga ya tayar wa da bori. Wannan a fara kai shi wurin likita.

Maganar cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi ɓarawo ba ta da tushe ko kaɗan. Ƙwai ɗaya dafaffe, wanda ya dahu har ƙwanduwa, yana daga cikin abinci mafi gina jiki da talaka zai iya samu, kuma ana fara shi tun daga wata 6. Kifi ma haka, in an cire ƙaya. Abin takaici ne a ga gida da kaji da zabi, ana kwashe ƙwai zuwa kasuwa, yaron gidan kuma yana rayuwa a kan tsinkakken koko. Ita ma mai ciki ko mai shayarwa ba ta da dalilin ƙaurace wa ƙwai ko gyaɗa ko kifi da sunan kare ɗanta daga bori. Ba ya karewa, ita ce kawai za ta rame.

Yanzu ga abubuwan da ba mu jin tsoro. Ruwa shi ne kan gaba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ya ishi jariri ko a tsakiyar bazarar Sakkwato ko Agadas. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsaya a kan nono zalla na wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, sai magani ko ruwan gishiri da sukari in ma'aikacin lafiya ya rubuta. Cikin jariri ƙarami ne, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, ga shi yana iya shigowa da ƙwayoyin gudawa. In zafi ya yi yawa a yawaita ba shi mama, uwar ce za ta sha ruwan. Dakashi kuwa, nonon farko mai kauri da launin ɗorawa da wasu ke matsewa su zubar wai datti ne, shi ne kariyar farko da jariri ke samu daga cututtuka. Ana so a sa shi a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa.

Darajar zuma a addini da al'ada ba abin musu ba ce, kuma ga babba da yaron da ya shekara lafiya lau ce. Ga wanda bai cika wata 12 ba ne matsalar take. Zuma kan ɗauki irin wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa da ƙura. Hanjin babba yana fin ƙarfinta, hanjin jariri bai kai ba, sai ta tsiro a ciki ta saki guba mai kashe jijiyoyi. Jaririn zai daina kashi, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya dushe, wuyansa ya saki, daga nan abin ya kai ga numfashi. Ba kowace zuma ke ɗauke da ita ba, amma ido ba ya bambancewa, kuma kyawun zumar ko tsabtarta ba hujja ba ne. Haƙurin shekara ɗaya ba wani abu ba ne.

Ɗura kuma, wato a kwantar da yaro a cinya a toshe masa hanci a kwarara masa kunu, ina roƙon iyaye mata da kakanni su bar ta har abada. Yaron da ke kuka yana neman iska, kunun huhu yake tafiya, ƙarshensa ciwon huhu ko mutuwa nan take. Yaron da ya ƙi abinci a lallaɓa shi da cokali, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. In ƙin ya daɗe, ciwo ne ke cinsa, a nemi dalili.

Haka batun haƙori. Fitowar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa. Abin da ke faruwa shi ne lokacin ya zo daidai da fara rarrafe da kai komai baki. In aka ce haƙori ne aka zauna, maleriya ko gudawa na can suna aikinsu. Kada mu manta da 2008, lokacin da maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda, ya yi ajalin yara aƙalla 84 a Najeriya, a jihohin da suka haɗa da Legas da Kaduna. An ba su maganin abin da ba ya bukatar magani.

Duk wannan ba yana nufin borin abinci tatsuniya ba ne. Gaskiya ne, kuma yana kisa. Garkuwar jiki ce ke kuskure, kamar maigadin da ya ɗauki baƙon gida a matsayin ɓarawo ya hau shi da duka. Abincin da suka fi jawo shi su ne madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, kashu da danginsa, kifi, jatan lande, alkama, waken suya da riɗi. Alamarsa mafi girma ita ce sauri: daga 'yan mintuna zuwa sa'a 2 bayan ci. Jiki ya yi rudu-rudu da ƙaiƙayi, leɓe ko fatar ido su kumbura, amai ya biyo baya, kuma duk lokacin da aka sake cin abin sai ya maimaita. Ƙurajen zafi a wuya da baya ba shi ba ne. Ƙazuwa ba shi ba ce. Gudawar da ta zo bayan kunu ya kwana ba shi ba ce. Yawancin abin da ake ɗora wa ƙwai da gyaɗa laifin zafi ne ko ƙazantar ruwa. Shi ya sa ya fi kyau a fara sabon abinci da rana, ɗan kaɗan, iri ɗaya a lokaci guda, a zuba wa yaro ido. In ya karɓa a ci gaba da ba shi kowane mako, domin sabawar ce ke ba da kariya.

Idan kuwa muryar yaro ta shaƙe, harshensa ya kumbura, numfashi ya fara fito, ko ya yi laushi ya sume, to ba sauran jira. Manja ba ya karya wannan, kuma ɗura shi ga mai shaƙewa ƙara masa bala'i ne. Madara ba ta karyawa. Piriton yana rage ƙaiƙayi da rudu-rudu, amma ba ya buɗe maƙogwaro. Maganinsa allurar adirenalin a tsokar cinya, kuma kowane minti yana da daraja. A ɗauke shi a kwance, kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya, a nufi asibiti mafi kusa a faɗa musu abin da ya ci da lokacin da ya ci.

Madarar shanu tana da nata salon. A wasu jarirai, musamman masu shan madarar gwangwani, borin ba ya zuwa da gaggawa, sai dai amai mai yawa, zaren jini a kashi da rashin ƙiba. Komawa nonon akuya ba mafita ba ce, domin sinadaransu kusan ɗaya ne, jikin da ya ƙi wannan yakan ƙi wancan. Wannan kuma daban yake da kumburin ciki da iska da kan biyo bayan doguwar gudawa, wanda ke wucewa da kansa. A kowane hali ba a yaye yaro saboda zato.

Gwajin jini ma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Wani bincike da aka yi a kan 'yan makaranta a Ghana ya samu yara da dama waɗanda jininsu ya nuna alamar borin gyaɗa, alhali suna cin ta lafiya, kuma an danganta hakan da tsutsar tsargiya da ke rikita sakamakon. Don haka takardar gwaji ba ta isa a hana yaro abinci ba. Likita zai haɗa ta da labarin abin da ya faru a zahiri.

Yaron da aka tabbatar yana da borin gyaɗa, aikin iyayensa a ƙasar Hausa ba ƙarami ba ne, domin gyaɗa ta shiga ko'ina. Tana cikin yajin tsire da kilishi, tana cikin kwaɗon zogale da na rama, tana cikin miyar taushe da fate, ga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na gida da ake suya da shi. Mai borin waken suya zai gamu da awara a ƙofar makaranta, mai borin riɗi zai gamu da kantu. Dole kaka ta sani, maƙwabta su sani, malamin makarantar boko da na islamiyya su sani, kuma a faɗa musu a fili cewa ɗan kaɗan ma yana iya tayar da shi, kada wani ya ce bari ya gwada masa ya saba. Yawancin yara suna rabuwa da borin madara da na ƙwai yayin da suke girma, na gyaɗa kuwa kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da shi. Gane ko ya rabu ɗin aikin asibiti ne, inda za a ba shi abincin kaɗan-kaɗan a gaban likita, allurar adirenalin tana ajiye a kusa.