Asalin Kalmar "Prostate" da Abin da Ya Bambanta Ta da Mafitsara

Magidancin da ya je Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada da kukan wahalar fitsari, sau da yawa yakan ji likita ya ambaci "prostate". A kafafen labarai kuwa an saba fassara kalmar da "mafitsara". Fassarar ta yi sauƙi a baki, amma ba daidai ba ce.

Mafitsara jaka ce da ke tara fitsari, kuma kowa yana da ita, mace da namiji. Prostate kuwa wata 'yar ƙwaya ce da maza kaɗai ke da ita, girmanta kamar na goro. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun fitsari, aikinta samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi.

Kalmar ta shigo Turanci ne daga Latin ɗin likitoci, inda ake cewa "prostata". Latin kuma ya aro ta daga Girkanci, "prostates", wato wanda ya tsaya a gaba. A tsohon birnin Atina haka ake kiran ɗan gari da ke tsaya wa baƙo mazauni a gaban hukuma, kusan yadda mai masauki ke tsaya wa fatake a zango. Likitan Benis, Niccolò Massa, ya bayyana ƙwayar a 1536, sannan André du Laurens na Faransa ya yi amfani da sunan a littafinsa na 1600.

Zamanta a bakin mafitsara shi ya sa take damun maza. Idan namiji ya haura shekara 50 takan ƙara girma, ta matse bututun, fitsari ya riƙa fita da ƙyar, a yi ta tashi cikin dare. Wannan kumburi ba lallai ne ya zama sankara ba. Shi aka yi wa Sarki Charles na Ingila aiki a kansa a Janairun 2024.

Sai dai sankarar prostate ita ce ta fi yawa a tsakanin mazan Najeriya, kuma da farko ba ta cika nuna alama ba. Wanda ya ɗauka ciwon mafitsara ne zai zauna jiran zafin fitsari. Likitoci kan fara bincike da gwajin jini na PSA, musamman ga wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa kamuwa.