Bakhita: Baiwar da Ta Zama Waliyyiya

Mutumin Salaga ba sai an yi masa dogon bayani a kan bauta ba, domin rijiyoyin da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa suna nan har yau. A wannan ƙarni na 19 ne, can gabas a Darfur, mahara suka sace wata yarinya wadda aka haifa wajen 1869. Tsabar firgita ta sa ta manta sunanta na yanka, sai suka laƙaba mata Bakhita, wato mai sa'a. Wace irin sa'a kuwa! An sayar da ita hannu zuwa hannu, wata uwargijiya ma ta sa aka tsattsaga mata jiki aka cusa gishiri a raunukan.

A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya, Callisto Legnani, ya saye ta a Khartum, daga baya ya tafi da ita ƙasarsu. A 1889 kotu ta yanke hukunci cewa ita 'ya ce, ba baiwa ba. Aka yi mata baftisma a 1890, ta shiga ƙungiyar mata masu zaman zuhudu ta Canossa. A garin Schio ta yi yawancin rayuwarta, tana girki da tsaron ƙofa, har ta rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1947. Fafaroma John Paul II ya sa ta cikin waliyyai a shekarar 2000.

A nan mai fassara zai gamu da matsala. Katolika suna girmama abin da waliyyi ya bari, amma Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara shi. "Kayan tarihi" bai isa ba, don babu albarka a cikinsa. Abin hawa uku ne: jikin waliyyin, kamar ƙashi ko gashi, kayan da ya yi amfani da su, sai abin da aka taɓa a jikinsa. Dokar coci ta haramta sayar da su, kuma ba a fito da su don jama'a sai da takardar shaida da hatimi, saboda jabu ya taɓa yin yawa a Turai.

Wanda ya san ziyarar Hubbaren Shehu a Sakkwato zai gane abin da ke kai mutane Schio, ko da yake aƙida ta bambanta. Tun 1969 gawar Bakhita take cikin cocin Canossa da ke garin.