Furen Baƙunta da Kariyar Ƙasar Adar

Tun da wayar hannu ta fara kawo mana hotunan lambunan Turai, wata muhawara ta taso tsakanin masu sha'awar ƙawata gidaje a Keita da Bouza da Madaoua, a kan wani tsiro mai ganye ja da shunayya da ake kira Heuchera, har wasu na cewa in dai an wadata shi da ruwa da taki, babu abin da zai hana shi rayuwa a nan. Wannan zato kuskure ne, domin asalin tsiron dazuzzukan Amurka ta Arewa ne, inda yake zaune a inuwa cikin sanyi da laima, kuma abin da ke halaka shi a ƙasar Adar zafin bazara ne, wanda a watan Afrilu yakan haura digiri 40, alhali guga ba ya sanyaya iska.

Abin da ya fi damuna shi ne gafalar da muka yi ga kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum, tsiron da Allah cikin hikimarsa ya halitta domin irin ƙasarmu mai duwatsu, wanda kuma masu lambu a Tailan suka mayar da shi haja, suna haɗa aure tsakanin irinsa suna sayarwa ko'ina a duniya. Kumburarren gindinta tamkar salka ne da matafiyi ya cika kafin ya shiga daji: a cikinsa take ajiye ruwan damina, da shi kuma take fitar da furanninta ja-ja a tsakiyar rani, sa'ad da ta kakkaɓe ganye, sauran itatuwa sun yi furu-furu. Saboda haka wanda ya shayar da ita safe da yamma, yana zaton kyautatawa yake yi, haƙiƙa ruɓar da saiwarta yake yi, ga kuma israfi da ruwan da mata suka ɗauko daga nesa.

Sharuɗɗan renonta kaɗan ne. A dasa ta cikin rairayi gauraye da tsakuwa, a wurin da rana ke bugawa. In a tukunya ce, a huda gindin tukunyar, kada kuma a ƙara ruwa sai ƙasa ta bushe sarai, musamman lokacin ɗari. Wanda ya yanki reshe don dasawa ya bar shi kwanaki a inuwa har bakin yankan ya bushe, amma mai son gindi mai kauri sai ya shuka iri. Wajibi ne a kiyaye ƙaronta, gama dafi ne mai taɓa zuciya wanda maharban dā suke shafa wa kibiya. A wanke hannu bayan yanka, a kuma nisanta ta daga yara da awaki.

Mutanen da suka jera dogon yaro don tare iska a kwarin Majiya tun 1975, suka kuma dasa miliyoyin itatuwa a tuddan Keita cikin aikin raya karkara da Italiya ta tallafa daga 1984, ba su jahilci abin da ƙasarsu ke karɓa ba. Ya kamata ma'aikatan gandun daji su tanadi kariya a wuraren renon itatuwansu, hukumomin gari kuma su dasa ta a harabar ofisoshi da makarantu, a bayan shinge, maimakon furannin da ake sayowa da tsada su bushe kafin damina ta sauka.